Tambayoyi da Amsoshi kan Matsayin Waɗanda Aka Tsare a Lokacin Yaƙi da Kwamitocin Soja Masu Tantance Su

Tun daga ranar 11 ga Janairun 2002, lokacin da jirgin sojan Amurka ya sauke mutum 20 na farko a sansanin Guantanamo da ke tsibirin Kyuba, ake ta muhawara kan abin da doka ta ce game da mutumin da soja suka kama a lokacin yaƙi. Kimanin mutum 780 ne suka ratsa ta wannan sansani, kuma mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu da wani laifi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin, tare da amsoshinsu.

Shin doka ta yarda a tsare mutum a lokacin yaƙi ba tare da an gurfanar da shi a gaban kotu ba?

Ta yarda. Yarjejeniyar Geneva ta Uku ta shekarar 1949 ta ba ƙasar da ke yaƙi da wata ƙasa damar riƙe sojan abokan gaba da ta kama har zuwa lokacin da aka daina faɗa. Wannan riƙewa ba horo ba ce, domin sojan bai aikata laifi ba don ya yi yaƙi a ƙarƙashin tutar ƙasarsa. Manufarta kawai ita ce a hana shi komawa fagen daga, shi ya sa sashe na 118 ya wajabta a sake shi a mayar da shi gida ba tare da jinkiri ba da zarar yaƙin ya tsaya.

Farar hula kuma suna ƙarƙashin Yarjejeniya ta Huɗu. Ana iya tsare su, amma sai in tsaro ya tilasta hakan matuƙa, kuma dole a riƙa sake duba lamarin kowane ɗayansu aƙalla sau biyu a shekara.

Wane ne fursunan yaƙi, kuma me wannan matsayi yake ba shi?

Sashe na 4 na Yarjejeniya ta Uku ya lissafa su. A sahun gaba akwai sojojin ƙasar da ke cikin yaƙin. Sai kuma mayaƙan sa-kai da ke tare da wani ɓangare, muddin sun cika sharuɗɗa huɗu: suna da shugaban da ke ɗaukar alhakin abin da suka yi, suna da alamar da za a gane su da ita daga nesa, suna riƙe makamansu a fili, kuma suna kiyaye dokokin yaƙi.

Babban abin da matsayin ke bayarwa shi ne ba za a hukunta mutum don ya harbi sojan abokan gaba a fagen fama ba, sai fa in ya aikata laifin yaƙi, kamar kashe farar hula ko kashe wanda ya miƙa wuya. Idan ana yi masa tambayoyi, sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba ya faɗa bai wuce sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja ba, kuma haramun ne a matsa masa ta kowace hanya don ya ƙara a kan haka. Yana da haƙƙin aika wasiƙa ga iyalinsa, da haƙƙin ganawa da wakilan ƙungiyar Red Cross ta duniya ba tare da wani yana saurare ba. In za a yi masa shari'a, to a irin kotun da za ta yi wa sojan ƙasar da ta kama shi shari'a ne, kuma bisa ƙa'idoji iri ɗaya.

Idan aka yi shakkar ko wanda aka kama mayaƙi ne ko farar hula, wa ke yanke hukunci?

Nan ne gundarin maganar. Sashe na 5 ya ce idan shakka ta taso, za a ci gaba da ɗaukar mutumin a matsayin fursunan yaƙi har sai wata kotu ko kwamitin da ya cancanta ya tantance matsayinsa. Hikimar ita ce sojan da ya yi kamu cikin ruɗanin yaƙi yana iya yin kuskure, ya haɗa manomi da direba da ɗan gudun hijira da mayaƙi ya zuba a mota ɗaya, don haka ake buƙatar wasu su zauna cikin natsuwa tun da wuri, tun shaidu suna kusa kuma ba a manta abin da ya faru ba.

Rundunar sojan Amurka ta san wannan aiki sarai. Ta yi shi a Vietnam, ta kuma yi shi a yaƙin Tekun Fasha na 1991, inda ta yi zama 1,196, ta tabbatar da mutum 310 a matsayin fursunonin yaƙi, sauran kuwa ta gano cewa farar hula ne da yaƙi ya raba da gidajensu. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka yi shakka a kansu ba mayaƙa ba ne. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna amfanin tantancewar.

To me ya hana a yi haka ga mutanen Guantanamo?

Shawara ce ta siyasa da aka yanke daga sama. Ranar 7 ga Fabrairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a wata takarda da ta ce Yarjejeniyoyin Geneva ba su shafi 'yan al-Ƙa'ida ba, tunda ƙungiyar ba ƙasa ba ce. Game da Taliban kuwa, takardar ta amince cewa yarjejeniyar ta shafi yaƙin da ake yi da su, amma ta ce mayaƙansu baki ɗaya haramtattun mayaƙa ne, ba su cancanci matsayin fursunan yaƙi ba. Da yake shugaban ƙasa ya riga ya yanke, sai gwamnati ta ce babu sauran shakka, saboda haka babu buƙatar zaman da sashe na 5 ya tanada.

Raunin wannan hujja a bayyane yake. Ko da an yarda cewa ɗan al-Ƙa'ida ba fursunan yaƙi ba ne, akwai tambayar da ta riga wannan zuwa: shi wannan mutumin da ke tsaye a gabanka, ɗan al-Ƙa'ida ne kuwa? Shugaban ƙasa ba zai iya amsa ta daga Washington a madadin ɗaruruwan mutanen da bai taɓa gani ba. Wani nazari da Farfesa Mark Denbeaux da ɗalibansa na Jami'ar Seton Hall suka fitar a 2006, wanda suka gina a kan takardun Ma'aikatar Tsaro ita kanta, ya nuna cewa kashi 5 cikin ɗari kawai na tsararrun ne sojojin Amurka suka kama da hannunsu, kashi 86 kuwa Pakistan ce ko dakarun Ƙawancen Arewa na Afghanistan suka miƙa su, a lokacin da jiragen Amurka ke watsa takardu suna alkawarin kuɗi masu yawa ga duk wanda ya kawo ɗan Taliban ko ɗan al-Ƙa'ida.

Me ya sa aka zaɓi Guantanamo?

Amurka tana riƙe da wurin tun 1903 bisa yarjejeniyar haya wadda ta bar wa Kyuba ikon mallaka a rubuce, ta kuma ba Amurka cikakken ikon gudanarwa. Lauyoyin gwamnati sun yi lissafin cewa tunda ba ƙasar Amurka ba ce, kotunan Amurka ba za su iya sauraren ƙarar wanda aka tsare a can ba, Kyuba kuma ba ta da ta cewa.

Yaya aka yi aka kafa kwamitocin tantance matsayin mayaƙa?

Kotun Ƙolin Amurka ce ta tilasta hakan. Ranar 28 ga Yunin 2004 ta yanke hukunci biyu. A shari'ar Shafiq Rasul, ɗaya daga cikin waɗanda aka tsare a sansanin, ta ce kotunan tarayya suna da hurumin sauraren ƙarar mutanen Guantanamo. A shari'ar Yaser Hamdi, wanda aka haifa a jihar Louisiana ya kuma girma a Saudiyya, ta amince cewa gwamnati na iya tsare wanda ya yi yaƙi tare da Taliban, amma Mai Shari'a Sandra Day O'Connor ta rubuta cewa dole a sanar da shi dalilan da aka dogara da su, a kuma ba shi damar musanta su a gaban wanda ba ya goyon bayan kowane ɓangare.

Kwana tara bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Mataimakin Sakataren Tsaro Paul Wolfowitz ya ba da umarnin kafa kwamitocin da aka fi sani da CSRT. Umarnin nasa ya ƙunshi wata jimla mai nauyi, inda ya ce an riga an tabbatar da kowane ɗaya daga cikin tsararrun a matsayin mayaƙin abokan gaba ta matakai da dama na bincike. Ke nan aikin kwamitin shi ne ya duba ko akwai dalilin sauya hukuncin da manyansa suka riga suka yanke.

Yaya zaman kwamitin yake gudana a wancan lokacin?

Hafsoshin soja uku ne suke zama, shugabansu mai muƙamin kanar ko makamancinsa, ɗaya daga cikinsu kuma lauyan soja ne. Wani hafsa daban yana gabatar da hujjojin gwamnati. Shi wanda ake tsare da shi ba a yarda ya zo da lauya ba. Abin da aka ba shi shi ne wani hafsa da aka kira wakilinsa, wanda ba lauya ba ne, ba kuma mai kare shi ba ne, kuma duk abin da ya faɗa masa yana iya isa kunnen kwamitin.

Hujjojin gida biyu ne. Akwai taƙaitaccen bayani da ake karanta wa mutumin, akwai kuma bayanan sirri waɗanda ba zai taɓa gani ba, alhali galibi a kansu ake dogara. An umarci kwamitin ya ɗauki hujjar gwamnati a matsayin sahihiya sai in an kawo abin da ya rushe ta. An yarda da maganar da wani ya ji daga bakin wani, kuma babu wata ƙa'ida da ta hana karɓar bayanin da aka samu ta hanyar matsi ko azabtarwa. Mutumin na iya kiran shaidu in ana iya samunsu cikin sauƙi, amma masu binciken Seton Hall sun gano cewa a takardun da suka nazarta, duk wanda ya nemi shaidan da ba ya cikin sansanin an ƙi masa, ita kuma gwamnati ba ta kawo shaida ko ɗaya ya tsaya a gaban kwamiti ba.

Abin da ya faru da Mustafa Ait Idir, ɗan asalin Aljeriya da aka kamo daga Bosniya, ya nuna yadda abin yake a aikace. An karanta masa cewa yana hulɗa da wani sanannen ɗan al-Ƙa'ida. Ya nemi a faɗa masa sunan mutumin domin ya san ko ya san shi, sai shugaban kwamitin ya amsa cewa shi ma bai san sunan ba. Mai Shari'a Joyce Hens Green ta kawo wannan musayar a hukuncinta na Janairun 2005, inda ta ce tsarin bai cika sharuɗɗan adalci ba. A gabanta ne kuma lauyan gwamnati ya amince cewa ma'anar da aka ba kalmar mayaƙin abokan gaba tana da faɗin da za ta iya haɗawa da wata tsohuwa a Suwizalan da ta aika kuɗi ga gidauniyar da take zaton ta marayu ce, alhali al-Ƙa'ida ce ke amfana da ita.

Abin da ya fi damuna a cikin tsarin shi ne cewa wuƙa da nama duk suna hannun ma'aikata ɗaya, wato Ma'aikatar Tsaro: ita ke tsare da mutumin, ita ta tattara hujja, ita ta naɗa masu yanke hukunci, kuma ita ce ke da ikon cewa a sake zama in hukuncin bai yi mata daɗi ba.

Mene ne sakamakon zaman?

Daga tsakiyar 2004 zuwa farkon 2005 an duba lamarin mutum 558. An tabbatar da 520 a matsayin mayaƙan abokan gaba, an wanke 38. Ko waɗannan 38 ɗin ma ba a ce an kama su bisa kuskure ba, cewa aka yi sun daina zama mayaƙa.

A Yunin 2007 Laftanar Kanar Stephen Abraham, jami'in leƙen asirin soja kuma lauya wanda ya yi aiki a cikin tsarin, ya ba da rantsattsen bayani cewa hujjojin da ake kawowa sau da yawa maganganu ne na gaba ɗaya da ba su da tushe. Ya ce kwamitin da ya zauna a ciki ya yanke cewa babu dalilin riƙe mutumin da ke gabansu, aka umarce su su sake dubawa, suka tsaya a kan bakansu, daga nan ba a ƙara sa shi a wani kwamiti ba. Mutumin ɗan Libiya ne mai suna Abdul Hamid al-Ghizzawi, kuma wani sabon kwamiti ya zo ya ayyana shi mayaƙi. 'Yan kwanaki bayan bayanin Abraham, Kotun Ƙoli ta janye ƙin da ta yi a baya, ta amince za ta saurari ƙarar tsararrun, abin da ba kasafai take yi ba.

Shin waɗannan kwamitoci su ne kotunan soja da ake jin labarinsu?

A'a, kuma ana yawan cakuɗa su. Kwamitin tantancewa ba ya tuhumar kowa da laifi, ba ya ɗaure kowa, matsayi kawai yake dubawa. Kotunan soja na musamman kuwa, waɗanda Bush ya kafa da umarnin 13 ga Nuwamban 2001, shari'ar laifi suke yi, kuma suna iya yanke hukuncin kisa. A Yunin 2006, a shari'ar Salim Hamdan, tsohon direban Usama bin Laden, Kotun Ƙoli ta rushe su, ta ce sun saɓa wa dokar sojan Amurka da kuma sashe na 3 da dukkan Yarjejeniyoyin Geneva huɗu suka yi tarayya a kansa. Majalisar dokokin Amurka ta sake kafa su da doka a 2006, ta gyara a 2009. Mutane ƙalilan ne aka samu da laifi a gabansu, an kuma soke wasu daga cikin hukunce-hukuncen, har da na Hamdan a 2012. Shari'ar Khalid Sheikh Mohammed da sauran waɗanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001 ta shafe fiye da shekara goma a matakin share fage, babban dalili kuwa shi ne azabtarwar da hukumar CIA ta yi musu kafin a kawo su sansanin.

Me hukuncin Boumediene ya sauya?

Bayan hukuncin 2004, majalisa ta yi dokoki biyu, a 2005 da 2006, don toshe wa tsararrun hanyar kotu, ta ce kwamitocin CSRT da wani taƙaitaccen ɗaukaka ƙara sun wadatar. Ranar 12 ga Yunin 2008, a shari'ar wani tsararre mai suna Lakhdar Boumediene, Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce hakan ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Mai Shari'a Anthony Kennedy ya rubuta cewa tunda Amurka ce ke da cikakken iko a Guantanamo, haƙƙin nan da lauyoyi ke kira habeas corpus, wato haƙƙin wanda aka tsare ya sa a kawo mai tsare shi gaban alƙali ya kare dalilinsa, ya isa can, kuma tsarin da majalisa ta tanada bai kai ya maye gurbinsa ba.

Da aka fara kai hujjojin gaban alƙalai na gaske, da yawa ba su tsaya ba. A Nuwamban 2008 Mai Shari'a Richard Leon, wanda Bush ne ya naɗa shi, ya ba da umarnin sakin Lakhdar Boumediene da wasu huɗu daga cikin mutum shida da aka kamo daga Bosniya, domin zargin ya rataya ne a kan majiya ɗaya da ba a bayyana ba. A Janairun 2009 shi dai wannan alƙali ya ba da umarnin sakin Mohammed el Gharani, ɗan ƙasar Chadi da aka haifa a Saudiyya, wanda aka kama a Pakistan yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka. Cikin zargin da aka yi masa har da cewa yana cikin wani gungun al-Ƙa'ida a Landan a 1998, lokacin da shekarunsa ba su wuce 11 ba. Alƙalin ya gano cewa zargin ya dogara ne a kan maganar wasu tsararru biyu waɗanda jami'an gwamnati da kansu suke shakkar gaskiyarsu. An mayar da shi Chadi a Yunin 2009, bayan ya shafe fiye da shekara bakwai a tsare, kuma kwamitin CSRT ya riga ya ayyana shi mayaƙi tun da farko.

Ke nan matsalar ta kau daga 2008?

Ba ta kau ba. Daga 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta fara soke nasarorin da tsararrun suka samu, ta kuma sassauta wa gwamnati sharuɗɗan hujja. A shari'ar Adnan Latif, ɗan Yemen, ta ce a ɗauki rahoton leƙen asirin gwamnati a matsayin wanda aka rubuta daidai sai an tabbatar da akasin haka. Kotun Ƙoli ta ƙi sa baki, kuma Latif ya rasu a sansanin a Satumban 2012, duk da cewa alƙali ya taɓa ba da umarnin sakinsa. Kotun ɗaukaka ƙarar ta kuma yanke a 2010 cewa waɗanda ake tsare da su a sansanin Bagram na Afghanistan ba su da wannan haƙƙi.

A ɓangaren gwamnati, Shugaba Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Janairun 2009 a umarnin rufe sansanin cikin shekara ɗaya, amma majalisa ta hana kawo tsararrun cikin Amurka. A 2011 ya kafa sabon kwamitin bita na lokaci-lokaci, wanda ya fara zama a 2013, da wakilai daga hukumomi shida, cikinsu har da Ma'aikatar Harkokin Waje da ta Shari'a. Wannan ya fi na baya, domin mutum na iya zuwa da lauyansa. Sai dai tambayar da yake yi daban ce: ba ya duba ko tsarewar halal ce, yana duba ko sakin mutumin barazana ce ga tsaron Amurka.

Me ya sa ake wanke mutum amma ya ci gaba da zama a tsare?

Domin sai an sami ƙasar da za ta karɓe shi. 'Yan ƙabilar Uighur 22 ba a iya mayar da su Sin ba saboda tsoron za a azabtar da su, sai aka rarraba su zuwa ƙasashe irin su Albaniya da Bermuda da Palau, na ƙarshensu sun bar sansanin a ƙarshen 2013. 'Yan Yemen da yawa sun daɗe saboda halin da ƙasarsu ke ciki. A Janairun 2016 Ghana ta karɓi biyu daga cikinsu, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2017 cewa gwamnati ta saɓa wa kundin tsarin mulki da ta ƙulla yarjejeniyar ba tare da amincewar majalisa ba. A Janairun 2025, bayan an aika 'yan Yemen 11 zuwa Oman, mutum 15 suka rage.

Idan ana riƙe mayaƙi har yaƙi ya ƙare, yaushe wannan yaƙi zai ƙare?

Dokar da ake dogara da ita, wadda majalisa ta zartar a Satumban 2001 ta ba shugaban ƙasa izinin amfani da ƙarfi, ba ta da wa'adi. Ko bayan da sojojin Amurka suka fice daga Afghanistan a Agustan 2021, matsayin gwamnati shi ne yaƙi da al-Ƙa'ida bai ƙare ba. Waɗanda suka tsara dokar fursunonin yaƙi sun yi ta ne da tunanin yaƙin da ake tsagaita wuta a cikinsa, a zauna a yi musayar fursunoni. In aka ɗora ta a kan faɗa da ƙungiyar da ba za ta taɓa sa hannu a takardar sulhu ba, tsarewar wucin gadi ta koma ɗaurin rai da rai ba tare da shari'a ba.

Yaya lamarin yake a yaƙin da gwamnati ke yi da ƙungiya mai ɗauke da makamai a cikin ƙasarta?

A irin wannan yaƙi babu matsayin fursunan yaƙi, kuma gwamnati na iya gurfanar da mutum don kawai ya ɗauki makami. Abin da ke kare shi shi ne sashe na 3 da aka ambata, wanda ya haramta kisa da azabtarwa da wulaƙanci da yanke hukunci ba tare da kotun da aka kafa bisa ƙa'ida ba, sai kuma dokokin ƙasa da na haƙƙin ɗan Adam. Yarjejeniyoyin Geneva ba su fayyace dalilan tsarewa da hanyar bitarta a irin wannan yaƙi ba, kuma wannan giɓi ne da Red Cross ta daɗe tana neman a cike.

Najeriya ta fuskanci wannan tambaya a yaƙinta da Boko Haram. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, gwargwadon nisan kotun, amma an riƙe dubban mutane tsawon shekaru a hannun soja, musamman a barikin Giwa na Maiduguri, inda ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton mutuwar mutane da yawa a tsare. A Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake zargi a wani sansanin soja da ke yankin Kainji a jihar Neja. Alƙalan Babbar Kotun Tarayya ne suka zauna, ba hafsoshin soja ba, ko da yake zaman farko a asirce aka yi shi. An ɗaure wasu, an kuma sallami ɗaruruwa saboda masu gabatar da ƙara ba su da hujjar da za su tuhume su da ita, bayan da yawansu sun riga sun shafe shekaru a tsare.